DAGA NINEBA ZUWA RANO: SHIN AUTAN BAWO JIKAN ASSURIYAWA NE?

 A wannan karon zan ɗan jingine labaran soyayya da na zaman gidan miji da muka saba, mu waiwayi tarihi, domin masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Rano, ko a cikin gari ne, ko Kibiya, ko garinmu Fammar, ya san ana yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. Ya kuma san cewa Bawo ɗan Bayajidda ne, shi kuma Bayajidda an ce ɗan sarkin Bagadaza ne. Bagadaza tana ƙasar Iraƙi, kuma a arewacin wannan ƙasa ne aka yi wata tsohuwar daula mai ƙarfin gaske da ake kira Assuriya. A 'yan shekarun nan wani masanin tarihi Bajamushe ya fito ya ce Assuriyawan nan ne suka gudo bayan rushewar daularsu suka kafa sarautu a ƙasar Hausa da Barno, har wasu daga cikin samarinmu suka ɗauki maganar suna yaɗawa da alfahari. To shin gaskiya ne? Su wane ne Assuriyawa, daga wa suka fito, kuma me ya haɗa su da mu? Wannan shi ne abin da nake son mu bi a hankali.

WANE NE ASHUR?

Tushen maganar yana cikin Attaura, a littafin da Kiristocin Hausa suke kira Farawa, sura ta 10. A nan ne aka jera zuriyar Annabi Nuhu (AS) bayan ruwan ɗufana, ta hanyar 'ya'yansa uku, Sam da Ham da Yafisu, har aka lissafa al'ummu kimanin 70. A wannan lissafi Sam yana da 'ya'ya biyar: Elam, Ashur, Arfakshad, Lud da Aram. Daga Arfakshad aka ce Annabi Ibrahim (AS) ya fito, daga Aram kuma Aramiyawa, shi kuwa Ashur shi ake ɗauka a matsayin kakan Assuriyawa. Wani marubucin tarihi Bayahude mai suna Yusifus, wanda ya rayu a ƙarni na 1 bayan Annabi Isa (AS), ya tafi a kan haka, ya ce Ashur ya zauna a Nineba kuma daga sunansa mutanen suka samo nasu.

Alƙur'ani mai girma bai ambaci sunayen 'ya'yan Annabi Nuhu ba, balle jikokinsa. Malaman tarihi na Musulunci irin su Ɗabari su ne suka kawo wannan jeri a littattafansu, kuma sun samo shi ne daga ma'abota littafi, shi ya sa za ka ga sunayen kusan ɗaya ne sai ɗan bambancin lafazi. Amma ita Nineba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya karanta sira ya san labarin Addas, yaron nan Kirista da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi a Ɗa'ifa ranar da mutanen garin suka jefe shi. Da aka tambaye shi garinsu ya ce Nineba, sai Manzo ya shaida masa cewa ai garin Annabi Yunusa ɗan Matta ne. Kufan Nineba yana nan har yau a gaɓar kogin Dijla, daura da birnin Mosul, kimanin kilomita 400 arewa da Bagadaza.

Sai dai ko a cikin ita surar akwai wurin da masu fassara suka rabu biyu. Bayan an ambaci Lamarudu, wanda aka ce ɗan Kush ne ɗan Ham, sai aka zo kan ginin Nineba. Wasu sun fassara wurin da cewa Ashur ne ya fita ya gina ta, wasu kuma suka ce Lamarudu ne ya tafi ƙasar Ashur ya gina ta, domin kalmar Ashur tana iya zama sunan mutum, tana kuma iya zama sunan ƙasa. Ka ga ke nan a fassara ɗaya birnin na 'ya'yan Sam ne, a ɗayar kuma na 'ya'yan Ham. Mai karatu ka riƙe sunan Lamarudun nan, za mu sake haɗuwa da shi a Sakkwato.

Akwai kuma wani abin lura. Mutanen Elam da aka sa a ɗakin Sam, harshensu bai haɗa komai da na Larabawa ko Yahudawa ba. Su kuwa Kan'aniyawa da aka sa a ɗakin Ham, harshensu kamar wa da ƙane yake da Ibrananci. Wannan ya sa masana da yawa suke ganin jerin ya fi kama da taswirar duniya kamar yadda mutanen wancan zamani suka san ta, wato wa ke maƙwabtaka da wa, wa ke ƙarƙashin wa, wa ke gaba da wa, aka zuba ta cikin siffar uba da ɗa.

ABIN DA AKA TONO A ƘASA

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, abin da duniya ta sani game da Assuriyawa bai wuce na Attaura da na littattafan Girkawa ba. Daga 1845 wani Bature ɗan Ingila mai suna Layard ya fara tono a kufan Nimrud da na Nineba. Mataimakinsa Hormuzd Rassam, wanda shi haifaffen Mosul ne, ya ci gaba da aikin, kuma a 1853 ya faɗa kan fadar sarki Ashurbanifal. Tsakanin su biyun suka tono ɗakin karatun sarkin, alluna na yumɓu da gutsattsarinsu kusan 30,000 masu ɗauke da rubutu, waɗanda yanzu suke ajiye a gidan tarihi na London. Da aka iya karanta rubutun, sai Assuriyawa suka fara ba da labarinsu da bakinsu.

A wurinsu Ashur sunan abu uku ne: sunan birninsu na farko a gaɓar Dijla, sunan abin bautarsu, da sunan ƙasarsu. Tun kimanin shekara 1,900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) fataken Ashur suke kora ayarin jakuna ɗauke da kuza da tufafi zuwa wani gari mai suna Kanesh a ƙasar Turkiyya ta yau. An tono wasiƙunsu sama da 20,000 a can, na bashi da riba da ƙorafin matan da aka bari a gida suna saƙa. Da na karanta wannan sai fataken goro na hanyar Gwanja suka faɗo mini a rai, domin rayuwar kusan iri ɗaya ce.

Suna kuma da nasu jerin sarakuna, kamar yadda muke da girgam. Jerin ya fara da sarakuna 17 da aka ce a tanti suka zauna, na farkonsu sunansa Tudiya. Abin mamaki, da masana suka kwatanta sunayen nan da na kakannin Hammurabi sarkin Babila, sai suka ga da yawa sun yi kama. Fahimtar da aka yi ita ce, wani baƙo mai suna Shamshi-Adad ya ƙwace sarautar Ashur wajen shekara 1,800 kafin Annabi Isa, daga baya marubutan fada suka ɗauko kakanninsa suka jona su a saman jerin domin ya zama ɗan gida. Ka ji fa! Su kansu Assuriyawan da ake son a jingina mu da su, sun yi wa tasu salsalar ƙari saboda sarauta.

Daular ta kai ƙololuwar ƙarfinta tsakanin ƙarni na 9 da na 7 kafin Annabi Isa. Su ne suka ci Samariya a shekara ta 722 suka kwashe Bani Isra'ila na arewa. Sun shigo Afirka ma, domin sarki Esarhaddon ya ci birnin Memfis na Masar a 671, ya kori Fir'auna Taharka wanda baƙar fata ne daga ƙasar Kush, wato Sudan ta yau, sannan Ashurbanifal ya washe birnin Tibis a 663. Amma ba su wuce kwarin Nilu ba, kuma ba su daɗe a can ba. A shekara ta 612 Babilawa da Mediyawa suka haɗa kai suka ƙone Nineba, ragowar rundunar ta ja da baya zuwa Harran, zuwa 609 kuma labarin daular ya ƙare.

TAMU SALSALAR

Yanzu mu dawo gida. Labarin da fadar Daura take riƙe da shi bai fara da Bayajidda ba. Ya fara ne da wani mutum Najibu, Bakan'ane, da aka ce ya taso daga Falasɗinu da iyalinsa ya sauka a Libiya. Ɗansa Abdul-Dar ya nemi sarautar Tarabulus bai samu ba, sai ya yiwo kudu, kuma daga zuriyarsa aka sami sarakuna mata tun daga Kufuru har zuwa Daurama. A zamanin Daurama ne baƙo ya iso, bayan ya biyo ta Barno ya auri 'yar Mai, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya zo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Daurama ta aure shi, ta kuma ba shi kuyanga Bagwariya. Kuyanga ta riga haihuwa ta sa wa ɗanta Karɓagari, ita ma sarauniya da ta haihu ta sa wa nata Bawo, wato a ba ta garinta.

Bawo ya haifi shida: Gazaura a Daura, Kumayau a Katsina, Bagauda a Kano, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir, sai Zamna Kogi a Rano. Idan aka haɗa da Biram sun zama Hausa Bakwai. Aka kuma raba musu aiki, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Su kuma 'ya'yan Karɓagari aka kira su Banza Bakwai.

Idan ka ɗora wannan labari a kan jerin Attaura za ka ga wani abu. Kan'ana ɗan Ham ne, ke nan Daurama ta ɗakin Ham ce, shi kuma baƙon da ya zo daga Iraƙi ya fito daga ƙasar 'ya'yan Sam. Wanda ya tsara labarin a wannan siffa ya san littattafan malamai, ya san inda kowace al'umma take zaune a jerin 'ya'yan Nuhu, yana kuma son ya samar wa Hausawa gurbi a ciki.

Ba wannan kaɗai ce ruwayar ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisur da ya rubuta a 1812, ya kawo labarin da aka ba shi cewa mutanen Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Rano da Biram zuriyar Bawo ne, amma shi Bawon bawan Sarkin Barno ne, Gobirawa kaɗai ne 'ya'ya domin su daga Kibɗawan Masar suka fito. A cikin littafin dai ya ce Yarabawa ragowar Kan'aniyawa ne, dangin Lamarudu, da aka koro daga Iraƙi. Su ma Yarabawan suna da wannan labari, Samuel Johnson ya kawo shi a tarihinsu da aka buga a 1921, inda Lamurudu ya zama mahaifin Oduduwa. Duba dai, Bawo ɗaya ne, amma a Daura jikan sarkin Bagadaza ne, a wata ruwayar kuma bawa ne. A bakin wanda yake kan gadon sarauta ɗan sarki ne, a ruwayar da aka rubuta 'yan shekaru bayan an tuɓe sarakunan Haɓe kuwa ya koma bawa.

Kuma kusan duk maƙwabtanmu haka suke. Sarakunan Barno na gidan Saifawa sun ce daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman suka fito. Fulani Toronkawa suna kai nasabarsu ga Uƙba ɗan Nafi'u. Mutanen Borgu suna da labarin Kisra. Kowa fuskarsa tana kallon gabas.

MAGANAR BAJAMUSHE

Farfesa Dierk Lange, wanda ya koyar a Jami'ar Bayreuth ta Jamus, ya daɗe yana bincike a Barno da Daura da Kabi, kuma ba ƙaramin masani ba ne. A 2009 ya buga wata maƙala inda ya ce sunayen farko a jerin sarakunan Kabi sunayen sarakunan Assuriya da Babila ne da bakin mutane ya sauya, ya kuma kwatanta labarin Kanta da na Sargon na Akkad. A 2011 ya ƙara da cewa 'yan gudun hijirar Assuriya ne suka kafa Kanem wajen shekara 600 kafin Annabi Isa. Game da Bayajidda kuwa, ya ce labarin hoton gidan Annabi Ibrahim ne: Daurama a matsayin Saratu, Bagwariya a matsayin Hajara, Karɓagari da Bawo a matsayin Isma'ila da Ishaƙa.

Gaskiya kamannin na ƙarshen nan yana da ɗaukar hankali. Uwargida da ba ta haihu ba ta ba mijinta kuyanga, kuyanga ta riga ta, daga baya ita ma ta samu. Amma ni da na shafe shekaru ina rubuta labaran kishiya, na san wannan zare yana cikin kowane gida mai mace fiye da ɗaya, ba sai an je Falasɗinu an aro shi ba. Idan ma aro ne, ai malamai sun fi shekara 600 suna karantar da ƙisasul anbiya a zaurukan ƙasar Hausa, wannan hanya ta fi kusa a kan a ce wasu sun riƙo labarin a ka tun kafin Annabi Isa.

Sannan mu yi lissafi. Halifa Mansur ne ya gina Bagadaza a shekara ta 762. Nineba kuwa ta faɗi fiye da shekara 1,300 kafin a aza tubalin farko na Bagadaza. Idan Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne to ba Ba'assure ba ne na zamanin daula, idan kuma Ba'assure ne to bai taɓa jin sunan Bagadaza ba. Bagauda da aka ce jikansa ne, lissafin da Palmer ya yi wa Tarihin Kano a 1908 ya sa farkon sarautarsa a 999, wato tsakaninsa da faɗuwar Nineba akwai shekara 1,600. Wasu masana irin su Hallam sun fi karkata ga cewa sunan Bayajidda ya samo asali ne daga Abu Yazid, wani jagoran tawaye na Afirka ta Arewa da Faɗimawa suka kashe a 947, wanda mai yiwuwa wasu mabiyansa suka tsallako Sahara. Wannan ma hasashe ne, amma aƙalla shekarun sun yi kusa.

Babbar matsalar ita ce hujja. Assuriyawa mutane ne masu son rubutu, komai ƙanƙantar ciniki sai sun danna shi a yumɓu sun buga hatimi. Ga shi an yi tono a Dala da sauran kufai na ƙasar Hausa da bakin tafkin Chadi, ba a sami allo ɗaya mai irin rubutunsu ba. Abin da ya rage sai kamannin sunaye, shi kuwa Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kansa: kama da wane ba ta wane. Wannan ne ya sa mafi yawan masana tarihi ba su karɓi ra'ayin ba.

Abin da aka samu a ƙasarmu wani abu ne daban. A dutsen Dala an sami wurin narka tama da aka auna shekarunsa ya kai ƙarni na 7, wato tun kafin a gina Bagadaza akwai maƙera a Kano. Tarihin Kano shi ma ya nuna Bagauda ya tarar da mutane, su Barbushe da jama'arsa masu bautar Tsumburbura. A labarin Daura ma baƙon ya tarar da gari da rijiya da sarauniya da maƙeran Gaya. Tun a 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bayanin cewa sarautun Hausa sun tsiro ne daga cikin gida, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, a gindin duwatsu masu ruwa da tama da ƙasar noma. Ɗalibinsa Dokta Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a bincikensa kan Katsina. Duk wanda ya san yadda Rano take zaune a tsakanin duwatsunta, ya san wannan bayani ya zauna daram.

DANGANTAKAR DA KE AKWAI

To shin babu abin da ya haɗa mu ke nan? Akwai, amma ta wata ƙofa. Harshen Assuriyawan dā, wanda ake kira Akkadiyanci, ɗan uwan Larabci da Ibrananci ne. Hausa kuma tana cikin harsunan Chadi tare da Bolanci da Angasanci da Badanci da wasu fiye da 100. Waɗannan rassa biyu, da harshen Masar ta dā da na Buzaye da na Somaliya, duk daga kututture ɗaya suka fito. Wanda ya tabbatar da wannan rabo shi ne Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939 yana nazarin addininsu.

Ga misali kaɗan. Mu muna cewa mutu, Balarabe ya ce mata, Ba'assure ya ce matu. Muna cewa suna, Balarabe ismu, Ba'assure shumu. Muna cewa harshe ko halshe, Balarabe lisan, Ba'assure lishanu. Idan muna magana da namiji mu ce gidanka, mace kuma gidanki, to wannan ka da ki haka suke a Larabci, haka suke a Akkadiyanci. Waɗannan ba kalmomin aro ba ne irin su littafi da alƙalami da suka shigo tare da Musulunci, gado ne tun na asali. Sai dai rabuwar ta faru dubban shekaru kafin a gina Ashur, kuma masana da yawa suna ganin shi kututturen a nan Afirka yake, a arewa maso gabas. Idan haka ne, to 'yan uwantaka ce ta nesa ƙwarai, kuma babu wanda ya haifi wani.

ABIN DA SALSALA TAKE JAWOWA

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai labari ne kawai. Ba haka ba ne. An yi amfani da jerin 'ya'yan Nuhu an cuci baƙar fata, aka ce wai an la'anci Ham shi ya sa zuriyarsa suka yi baƙi kuma bauta ta halatta a kansu. Ibn Khaldun ya ƙaryata wannan tun a ƙarni na 14, ya ce launin fata daga yanayin ƙasa yake. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya sake ƙaryata shi a 1615, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai a cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Da Turawa suka zo sai suka juya maganar ta wata fuska, suka ce duk inda ka ga sarauta da ganuwa da tsari a Afirka, to wasu farare ne daga gabas ko arewa suka kawo. Palmer ya cika littattafansa da irin wannan. Duk lokacin da muka ce lallai sai wani baƙo ya zo kafin kakanninmu su iya gina birni, to maganarsu muke maimaitawa ba mu sani ba.

A cikin gida ma haka ne. Kalmar Banza Bakwai kaɗai ta isa misali, domin da labarin kuyanga aka mayar da Zamfara da Kabi da Nufe da Kwararrafa 'ya'yan bora. Su kuma Maguzawan da ke ƙauyukan kudancin Kano, waɗanda da yawa cikinmu idan aka bi kakanni za a tarar a can aka fito, sai muka riƙa yi musu kallon bare.

Su ma Assuriyawan yau wannan ciwo yana damunsu. Har yanzu akwai al'ummar Kirista a arewacin Iraƙi da Siriya da Turkiyya da Iran masu magana da Aramiyanci, waɗanda suka sha wuya matuƙa: kisan 1915 a ƙarshen daular Usmaniyya, kisan Simele a 1933, da korar da 'yan ISIS suka yi musu daga Mosul da filayen Nineba a 2014, shekarar da suka rusa masallacin Annabi Yunusa. Da yawansu yanzu suna Amurka da Suwidin da Ostareliya. Amma duk da wannan wahala sun kasa haɗuwa a kan suna ɗaya. Wasu sun ce su 'ya'yan Ashur ne, wasu sun ce na Aram ne, wasu sun ce su Kaldiyawa ne. A ƙidayar Amurka ta 2000 sai da aka jera sunaye uku a layi ɗaya don a raba gardama. A garin Sodataliya na Suwidin har ƙungiyar ƙwallo biyu suka kafa, Assyriska da Syrianska, alhali harshensu ɗaya kuma kakanninsu daga yanki ɗaya suka yi hijira. Ashur da Aram kuwa, a jerin da suke kafa hujja da shi, uba ɗaya ya haife su.

INA RANO TA TSAYA?

Ita Rano ba ta buƙatar Nineba kafin ta yi tinƙaho. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Yaji, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, inda aka ce ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, ya shiga ƙasar Rano ya zauna a Bunu shekara biyu. Wannan ya nuna tun fiye da shekara 600 da suka wuce akwai Sarkin Rano mai ƙasarsa, wanda ya isa a ɗaura yaƙi dominsa. Daga baya Kano ta haɗiye ta, amma sunanta bai fita daga cikin bakwai ɗin ba, kirarin Autan Bawo ma bai faɗi ba.

Mun ga amfanin wannan kirari da idonmu. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sannan a watan Yuli na shekarar ta maido da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. A duk tsawon wannan taƙaddama, hujjar da ta fi yawo a bakin mutanenmu ita ce Rano tana cikin Hausa Bakwai. Labarin da wasu suke ɗauka tatsuniya, ga shi yana shiga maganar iyaka da hakimai da wanda talakan Fammar zai je ya yi wa gaisuwar salla. Abin da marubutan fadar Ashur suka yi wa Shamshi-Adad bai yi nisa da wannan ba.

Saboda haka ni a nawa ganin, mu riƙe labarin Bayajidda da daraja domin shi ne igiyar da kakanninmu suka ɗaure garuruwa bakwai da ita suka ce 'yan uwa ne, amma kada mu ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Aikin da ke gabanmu yana nan kusa. Akwai tsofaffi a Fammar da Tarai da Durba da Rurum da suka san wane ne ya sari garinsu, daga ina aka taso, wace rijiya aka fara haƙawa, ina marina take, ina maƙera suka zauna. Kullum ana binne ɗaya daga cikinsu da abin da ya sani. Ina kira ga 'yan uwana marubuta, mu da Allah ya ba alƙalami, da ɗalibanmu na jami'a, mu ɗauki takarda da waya mu zauna gabansu tun suna raye. Assuriyawa sun danna nasu a yumɓu shi ya sa bayan shekara 2,600 ake karanta su.

Duk wanda yake da wata ruwaya ta garinsu game da Bawo ko Zamna Kogi, ƙofa a buɗe take, ya aiko mu ƙaru da juna. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, wassalam.